Igiya a Ƙarƙashin Ƙofa

Sau uku ƙasa tana rufta masa, sau uku yana fitowa yana kakkaɓe gemu. Shi ya sa duk layin ba mai kiransa da sunan yanka, sai Ƙi-Binnuwa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haƙar rijiya, kuma in ka zauna kusa da shi, ko ba ka tambaya ba sai ka ji adadin: rijiya ɗari biyu da sha bakwai, ba wadda ta ƙafe. Bai taɓa zama a aji ba. Ya ce ƙasa ita ce makarantarsa, kuma ya yi karatu a cikinta har inda ruwa yake. Irin mazan nan ne da yanzu sai dai a ji labarinsu.

Sai ga annoba ta zo, abokiyar gābar da ba a ganinta balle a ɗaga mata diga. Aka sa dokar kulle. Mutumin da ya saba zama a bakin titi yana ba matasa labari, suna so ba sa so, aka tattara shi aka ajiye a hawa na biyu: ɗaki biyu suna kallon juna, da ɗan siririn lungu a tsakaninsu, da taga ɗaya mai kallon bayan gidan maƙwabta.

Ɗaki ɗaya nasa, ɗaya na Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Uwarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta duk suna gidajensu a nesa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun makon farko aka tura ta sashen da ake killace masu cutar. Ranar da ta dawo da wannan labarin, ta ɗauko alli ta ja layi a tsakiyar lungun.

"Baba, daga nan zuwa can naka, daga nan zuwa nan nawa. Kada ka tsallake."

"Ni za a ja wa layi? Ni da ƙasa mai zurfin gaba goma ta kasa riƙewa?"

"Ƙasa ba ta shiga huhu, Baba."

"Wa ya gaya miki? Ai har yanzu in na yi tari yashi nake tofarwa."

Ta yi dariya a bayan takunkumin da ke fuskarta. Daga baya ya riƙa tuna wannan dariyar, don ya daɗe bai sake jin irinta ba.

Kafin annoba, Auta na da wani abu da take yi kullum da safe kafin ta tafi aiki. Takan shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba shuɗiya a lungun, ta miƙe hannuwa, ta lanƙwashe, ta tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ta zauna ta rufe ido tana numfashi a hankali. Yoga take kiransa. Da farko ya tsare ta da tambaya, ko wani abu ake bauta wa a ciki. Ta ce motsa jiki ne kawai da saita numfashi, yana kwantar mata da hankali kafin ta shiga cikin marasa lafiya. Daga nan ya sa wa abin suna miƙar kyanwa, kullum yana tsallake ta da kofin shayinsa yana cewa, "Allah Ya ba ki ɓera, kyanwar gidanmu."

To yanzu tabarmar na nan a naɗe a jingine a kusurwa, har gizo-gizo ya haɗa ta da bango. Auta takan dawo da rana tsaka, ta cire takalmi a waje, ta yi wanka, ta shige ɗaki ta rufe. Shi yake dafa abinci, ya ajiye mata a kan layin alli, ya tura da sanda. A makon farko kwano na dawowa a wanke. A na uku yana dawowa da rabi. A na biyar sai ya ga cokali ma a bushe yake.

"Auta?"

"Na'am, Baba."

"Lafiya?"

"Lafiya lau."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar na bayan ƙofa, in ma ta fito tana bayan ƙyalle. Kunne kaɗai ya rage masa, kuma kunnen mai haƙar rijiya ba irin na kowa ba ne. Wanda ya shekara arba'in yana sauraron murya daga rami ya san daga ina magana take fitowa. Wannan "lafiya lau" ɗin daga ƙasa take zuwa, a kwance, a hankali, irin ta mai jin barcin da ba na gajiya ba. Ya taɓa jin irinta sau ɗaya a rayuwarsa. Cikin duk labaran da yake bayarwa, wannan kaɗai ne bai taɓa ba kowa ba.

Ya je taga. Tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa na shekara ashirin, yana zaune a tasa tagar da kekensa, yana ta ɗinka takunkumi tun da aikin riguna ya tsaya.

"Tsohon gafiya! An toshe maka rami ko?"

"Kai dai ci gaba da ɗinka wa mutane wandon baki. Yarinyar nan ce ba ta cin abinci."

"Gajiya ce. Ka bar ta ta huta, kai ma ka huta wa mutane da surutu."

"Ba ka san rami ba, Tela. A sana'armu, doka ta farko ita ce na sama ba ya barin na ƙasa ya yi shiru. Akwai wata muguwar iska a gindin rijiya, ba wari, ba launi. In ta kama mutum ba ya ihu. Daɗi ma yake ji. Sai ya zauna ya jingina, ka tambaye shi ya ce lafiya lau."

"To ka shiga ka fito da ita mana."

"Wannan ce doka ta biyu. Na sama ba ya faɗawa. In ya faɗa, gawa biyu za a ciro."

"To me na sama yake yi?"

"Yana sa na ƙasa magana. Ko da zagi ne."

Washegari da ta dawo ta rufe ƙofa, ya sa sanda ya jawo tabarmar nan shuɗiya, ya karkaɗe ta da ƙarfi don a ji, ya shimfiɗa a gefensa na layin.

"To, jama'a!" ya faɗa wa lungun da ba kowa. "Yau Ƙi-Binnuwa zai yi miƙar kyanwa. Abin da yarinya ke yi tana haki, bari a ga yadda maza ke yinsa."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi tangal-tangal, ya faɗa jikin bango, ya tabbatar gwiwar hannunsa ta bugi ƙofar ɗakinsa da ƙarfi.

"Baba, me kake yi?"

"Tsayuwar zakara."

"Bishiya ake cewa. Ka dafa bango. Kuma kada ka ɗora tafin ƙafarka a kan gwiwa, ƙasa da ita za ka sa."

Ya ƙirga a zuciyarsa. Rabon da ta yi masa magana mai tsawon wannan, an fi kwana goma.

Haka suka yi kwana huɗu. Yana kuskure, tana gyarawa ta bayan ƙofa. Wani kuskuren da gangan yake yi, wani kuwa, ko da yake ba zai amsa ba ko za a yanka shi, ƙashin shekara saba'in da huɗu ne ya ƙi. Ya durƙusa da hannu da gwiwa ya gantsare baya, bayan nasa ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Tela na leƙowa yana cewa a kira masu gyaran kujera. Abin da ya ba tsohon haushi shi ne abin na aiki. Nauyin da ke danne masa ƙirji tun da aka kulle shi, wanda ya riƙa ɗora laifinsa a kan abincin da yake dafawa, sai ya ji yana sassautawa. Bai gaya wa kowa ba.

Amma muryarta har yanzu daga ƙasa take fitowa. Tana koya masa, ita ba ta tashi ba.

A rana ta biyar ta ce, "Yau numfashi za ka yi. Ka zauna, ka miƙe bayanka. Ka ja iska ta hanci ka ƙirga huɗu, ka riƙe kaɗan, sannan ka sake a hankali."

"Riƙe numfashi?" Idonsa ya yi haske. "Auta, yau kin shigo gonata. Ni da na nutse a rijiya na ɗauko guga, mutane suka fara salati suna cewa na tafi? Huɗu? Huɗu ai na jarirai ne."

"Kaɗan na ce, Baba."

Ya ja iska har haƙarƙarinsa ya buɗe, ya datse. A ransa cewa yake yi, yau zai ba ta mamaki, yau za ta yi dariya. Ya ƙirga ashirin. Ya ƙirga arba'in.

"To ka sake," in ji ta.

Bai sake ba.

"Baba?"

Sittin. Jijiyar wuyansa ta tashi. Yana murmushi shi kaɗai.

"Baba, ka amsa mini."

Saba'in da biyar. Ya ji gado ya yi ƙara.

"Baba!"

Ƙofar ta bugi bango. Ta fito ba takunkumi, ba ɗankwali, ta tsallake layin da ta kwana arba'in tana tsarewa, ta zube a gabansa, hannu ɗaya a wuyansa tana neman jijiya, ɗaya yana girgiza kafaɗarsa. Ya saki iskar da ƙarfi ya fashe da dariya.

"Casa'in da biyu! Kin gani? Da ba ki katse ni ba da na cika ɗari!"

A lokacin ya ga fuskarta. Rabonsa da ganinta ba takunkumi kwana arba'in. Kumatu sun zurma, ƙasan ido ya yi baƙi, kan hancinta da tabon da takunkumi ya ci. Ta dube shi kamar ba ta san shi ba. Sannan ta dubi hannuwanta a jikinsa, ta janye su kamar ta taɓa garwashi, ta ja da baya da gwiwa har ta koma bayan layin.

"Wasa kake yi," ta ce. Muryar ba ta da ƙarfi, gara ma da ihu ta yi. "Ka san mutum nawa na kira a makon nan ba su amsa ba? Goma sha ɗaya. Ina tsaye a kansu ina ƙirga numfashinsu, su ja ɗaya, in jira na gaba, in jira, in jira. Jiya wani tsoho mai gemu irin naka ya riƙe mini hannu yana roƙona iska, kamar a aljihuna na ɓoye ta. Kai Allah Ya ba ka ita kyauta, kana riƙewa don a yaba maka." Ta share ido da bayan hannu. "Ga shi na taɓa ka. Na yi numfashi a fuskarka. In na sa maka, ni na kashe ka."

Ta shiga ta rufe. Ya ji ƙarar sakata.

Ya daɗe a zaune a kan tabarmar. Shi da yake koya wa Tela dokokin rami, shi ne ya yi abin da ko sabon shiga ba ya yi: aka kira shi, yana ji, ya ƙi amsawa.

Da la'asar ya tura abinci. "Auta?" Ba amsa. Washegari ranar hutunta ce, ba ta fito ba. Ya kira da safe, ya kira da hantsi. Ko "lafiya lau" ɗin da yake tsoro, yanzu nema yake bai samu ba. Ya sa kunne kusa da ƙofa iyakar inda layi ya bar shi. Yana jin motsi jifa-jifa. Tana nan, amma ta yi nisa.

A bangon ɗakinsa akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai igiyarsa ta aiki, wadda ya ƙi sayarwa ya ƙi bayarwa, ta yi sulɓi saboda tafin hannu. Ya sauko da ita. Ya zauna a kan tabarma, ya sa sanda ya tura bakin igiyar ta ƙarƙashin ƙofarta, kamu biyu, uku, har ya tabbatar ta shiga sosai.

"Ba sai kin yi magana ba," ya ce. "Ni zan yi. Kin san ba a raba ni da ita."

Ya gyara murya.

"Kin sha jin labarin sau ukun da ƙasa ta rufe ni. Akwai na huɗu da ban taɓa ba ki ba, don a cikinsa ba ni ne a ƙasa ba. Ina da abokin aiki, Mai Fito muke ce masa, don in yana rami bakinsa ba ya hutawa da fito. Ran nan yana ƙasa, ina sama da igiyar nan. Mutane suka taru suna kallo, ni kuwa na samu masu sauraro, na shiga ba su labarin kaina. Fito ya tsaya, ban lura ba. Da na tuna na leƙa na ce, lafiya? Ya ce lafiya lau. Na koma na ƙarasa labarina." Ya murza igiyar da yatsa. "Labari mai daɗi ne, sun yi dariya. Da na jawo shi ya riga ya cika, jikinsa da sauran ɗumi. 'Ya'yansa uku."

Keken Tela da ke ta ƙara a waje ya tsaya.

"Tun ranar ban sake yarda da baki ba, igiya nake tambaya. Ja ɗaya, ina nan. Ja biyu, ɗauke guga. Ja uku, fitar da ni. Baki na jin kunya, hannu ba ya ji. Jiya na yi miki abin da ba a yi. Ki yafe mini, Auta. Tsohon banza ne ubanki, a gaban mutum ɗaya ma sai ya nemi tafi."

Bai taɓa ba ɗan da ya haifa haƙuri ba, kalmar ta fito masa da ƙyar kamar tsakuwa.

"Yanzu ga abin da za a yi. Zan yi numfashin nan yadda kika ce. In na ja iska zan ja igiya, in na sake in sassauta. In kin riƙe bakinta za ki san tsohon nan yana numfashi, ba sai kin buɗe ƙofa ba, ba sai kin jira na gaba ba. Huɗu zan ƙirga. Wallahi huɗu."

Ya miƙe baya. Ya ja iska, ya jawo igiyar kaɗan. Ta taho sakaka, ba kowa a can. Ya mayar da ita da sanda. Ya sake. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya saki. A duk shekarunsa na rami abin da ya iya shi ne riƙewa: riƙe iska, riƙe igiya, riƙe magana. Ashe sakin ya fi wuya. Iskar na fita tana rawa, idonsa na yi masa zafi, ya bar shi ya yi.

Bai san sau nawa ya yi ba. Rana ta matsa daga taga ta hau bango. Gwiwoyinsa suka mutu. Sai a wani jan, igiyar ta ƙi tahowa.

An riƙe.

Bai ce uffan ba, wanda a wurinsa wannan ma abin a rubuta ne. Ya ja a hankali, aka biyo shi. Ya sassauta, aka karɓa. Ta ƙasan ƙofa ya fara jin wani numfashi yana bin nasa, da farko a guntule, yana sarƙewa, daga baya ya fara tsawo. Suka yi ta yi, igiya na kai da komo a kan layin alli har ta goge tsakiyarsa.

Sannan igiyar ta tsaya. Aka ja ɗaya. Aka ja na biyu. Ya jira.

Aka ja na uku.

"Na ji," ya ce. "Na ji, 'yata. Ina riƙe. Amma ba a fizgo mutum daga rami, kamu-kamu ake yi. Faɗa mini na farko."

Kuka ya zo kafin magana, ya bar ta ta yi shi har ƙarshe. Sannan ta fara ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗayan: mai gemun, da matar da ke tambayar wa zai ɗauko yaranta, da malamin da ya ce a gaishe masa da ɗalibansa. Bai katse ta da labarin kansa ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta ce akwai likita a wurin aikinsu da aka ajiye don ma'aikata su riƙa zuwa suna magana da ita, sau biyu ana ba ta lokaci tana ƙin zuwa.

"Gobe za ki je. Rijiya mai zurfi ba mutum ɗaya ke jan igiyarta ba."

"In kuma na sa maka cutar fa?"

"In na yi tari za ki fara ji, ai ɗan lungun nan ne kawai tsakaninmu. Kafin nan ki ci abinci."

Aka zare sakata. Hannu ya fito ya ja kwanon ciki.

Kwana goma sha huɗu tana sa shi auna zafin jikinsa safe da yamma yana faɗa mata ta ƙofa. Ko atishawa bai yi ba, kuma kada ka so ka ji yadda ya cika wa Tela kunne da wannan. Annoba ba ta tafi ba, layin alli ma ta sake ja. Akwai ranakun da take dawowa ba ta iya cewa komai, sai dai ta ja igiya sau ɗaya, shi ma ya ja. Amma wata safiya kafin ta tafi aiki, ta buɗe ƙofa da takunkuminta, ta tsaya daga can.

"Baba, tabarmata."

"Wace tabarma? Ai na riga na gaje ta."

"Turo mini. Kai ka shimfiɗa bargo."

Ya tura mata da sanda yana gunaguni. Ta goge ta da ruwan magani, ta shimfiɗa a bakin ƙofarta, shi ya ninka bargo a bakin tasa. Suka ɗaga hannuwa tare. Muryarta da take ƙirga masa, a tsaye take fitowa.

Tela ya leƙo. "Tsohon gafiya, yau nawa ka riƙe?"

"Huɗu."

"Huɗu? Kai da kake cika baki da ɗari?"

"Riƙewa ai ko jaki ya iya," in ji Ƙi-Binnuwa, ƙafa ɗaya a sama, hannu ɗaya a bango. "Ka zagaya layin nan kaf, in ka samu wanda ya kai ni iya saki, ka zo in ba ka igiyata."

"Baba, ka yi shiru ka ja iska."

Ya yi shiru, ya ja.